Kwamfutar Yara A Hannun Mai Gemu: Darasin Da Tasawa Za Ta Ɗauka Daga Galadima

A duk fadar matasa da ke Tasawa, daga bakin tasha zuwa lungunan cikin gari, akwai ma'aunin da ake auna ɗan ci-rani da shi idan ya dawo gida: wace waya ya zo da ita. Ko daga Legas ya fito, ko Abijan, ko Aljeriya, ko ramukan zinariya na Jado, kafin a sauke shayin farko an juya wayarsa an ƙirga kyamarorin da ke bayanta. Da a ce zai zuge jaka ya fito da wata ƴar kwamfuta mai launin kore da fari, mai mariƙi kamar jakar ɗan makaranta, mai kunnuwa biyu irin na zomo, da an yi ta dariya har shayin ya huce. Za a ce ya tafi bida ya dawo da abin wasan yara.

Wannan dariya tana da tsada. Tarihin waccan ƴar kwamfuta ya nuna cewa a mafi yawan wuraren da aka raba wa yara na'ura alhali babu babban da ya zauna ya yi wasa da ita, ya kwance ta, ya ɓata ta ya gyara, kuɗin sun bi ruwa. Magidancin da ke raba dare yana tonon cikin kwamfutar yara don sha'awa kawai, shi ne mutumin da manyan shirye-shiryen ilimi suka manta da shi a lissafinsu. Gari irin Tasawa ko Mayahi yana buƙatar irinsa da yawa, kuma ƴan ci-rani sun fi kowa damar samar da su.

Alƙawarin dala 100

A watan Janairun 2005, a taron tattalin arziki na Davos, Nicholas Negroponte, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa sashen Media Lab na jami'ar MIT a Amurka, ya yi alƙawarin ƙera kwamfutar tafi-da-gidanka ta dala 100 domin yaran ƙasashe matalauta. Shirin ya ɗauki sunan One Laptop per Child, wato kowane yaro da kwamfutarsa. Dala ɗarin nan ba irin ta kasuwar Tasawa ba ce da ke ƙarewa a kwanon abinci. Ta Amurka ce, kimanin jika hamsin na sefa a canjin wancan lokaci. Duk da haka, a zamanin da kwamfutar tafi-da-gidanka ke cin ninkin wannan kuɗi sau da yawa, magana ce da ta ja hankalin duniya.

A watan Nuwamban shekarar aka nuna samfurin farko a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan fasahar sadarwa a birnin Tunis. Samfurin yana da wani hannu da ake juyawa don ya ba da wuta, kuma hannun ya ɓalle a lokacin da Kofi Annan ke gwada shi a gaban ƴan jarida. Daga baya aka cire shi daga jikin na'urar baki ɗaya. Sai a ƙarshen 2007 kamfanin Quanta na Taiwan ya fara ƙera ta da yawa da sunan XO-1, kuma farashinta ya tsaya wajen dala 188.

Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fara ɗaga hannu. Gwamnatin Obasanjo ta nuna sha'awar sayen miliyan guda, kuma a 2007 aka fara gwaji a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja, da kwamfutoci kusan 300. Ba a yi nisa ba labari ya sauya. A watan Yulin shekarar kamfanin dillancin labarai na Nijeriya ya ruwaito cewa wasu ɗaliban suna buɗe shafukan batsa, abin da ya tilasta wa masu shirin alƙawarin sanya matacin intanet. A ƙarshen shekarar wani kamfani mai suna LANCOR ya kai ƙara kotu a Legas yana neman dala miliyan 20, bisa zargin cewa an kwaikwayi allon madannansa na Konyin da ke rubuta haruffan harsunan Nijeriya, zargin da masu shirin suka musanta. Kamfanin Intel kuma yana can yana tallar tasa kwamfutar yaran, Classmate, a wata sakandare da ke Jabi. Ministan ilimi na lokacin, Igwe Aja-Nwachukwu, ya fito ya tambayi amfanin kwamfuta ga yaran da ba su da kujerar zama. Cinikin miliyan ɗin bai taɓa tabbata ba.

An bar manya a bakin ƙofa

Akwai aƙidar da ke bayan na'urar, kuma a nan kuskuren ya faro. Masu shirin sun yi imani cewa yaro zai koya wa kansa idan aka damƙa masa kwamfuta, don haka ba su ɗauki malami da iyaye da mai gyara da muhimmanci ba. Negroponte ya taɓa maganar jefa na'urori daga jirgi mai saukar ungulu a ƙauyuka, kuma a 2012 shirin ya ajiye ƙananan alluna masu aiki da hasken rana a ƙauyuka biyu na Habasha ba tare da malami ba, don a ga abin da yara za su yi da su.

Ƙasar Peru ce ta fi kowa zuba kuɗi, inda ta sayi sama da 800,000. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da sakamakon bincike a makarantun karkara 319 bayan wata 15 da rabon na'urorin. Yara sun saba da kwamfuta, an ga ɗan ci gaba a kaifin tunani, amma a lissafi da harshe ba a ga wani sauyi ba. A Paraguay, Morgan Ames, wadda ta wallafa littafin The Charisma Machine a 2019, ta zauna a garin Caacupé tana lura da yadda abin ke tafiya. Ta tarar da na'urori da dama sun lalace babu mai gyara, yawancin yara ko dai sun ajiye su ko suna jin waƙa da wasanni da su. Ƴan tsirarun da suka kai ga ƙirƙira da rubuta manhaja kuwa, akasari akwai wani babba a gida ko a makaranta da ke tsaye a kansu.

Uruguay ta bi wata hanya. Da shugaba Tabaré Vázquez ya ƙaddamar da shirin Ceibal a 2007, gwamnati ta haɗa rabon na'urorin da intanet a makarantu, da horar da malamai, da tsarin gyara. A 2015 ta ƙara da wani shiri mai suna Ibirapitá da ke ba tsofaffi ƴan fansho nasu allunan. Lokacin da korona ta rufe makarantu a 2020, Uruguay na cikin ƙasashen yankin da karatu bai tsaya cik ba. Na'ura iri ɗaya aka raba a Peru da Uruguay. Abin da ya bambanta su shi ne yawan manyan da suka san kan na'urar.

Manyan da suka shigo ta taga

Abin mamaki, manya sun shigo duk da ba a gayyace su ba. A watan Nuwamban 2007 shirin ya buɗe wani ciniki a Amurka da Kanada: mutum ya biya dala 399, a ba shi XO guda, a aika guda ga yaro a wata ƙasa. Dubun-dubatar mutane suka saya, kuma da yawansu ba don ƴaƴansu ba. Injiniyoyi ne, da malamai, da masu sha'awar rediyo, da tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya. Suka kwance ta, suka sauya mata manhaja, suka mayar da ita littafin karantawa a rana, suka rubuta bayanan gyara suka baza a intanet. Wani kaso mai yawa na abin da aka sani game da gyaran na'urar da fassara manhajojinta, ƴan sa-kai ne irin waɗannan suka tattara. Kamfanoni ma sun lura cewa akwai manyan da ke son ƙaramar kwamfuta mai araha, kuma a shekarar ne Asus ya fito da Eee PC, wadda ta buɗe kasuwar ƙananan kwamfutoci.

Labarin ya maimaita kansa a 2012. Eben Upton da abokan aikinsa a Cambridge ta Ingila sun ƙera Raspberry Pi, kwamfuta mai girman katin banki a kan dala 35, domin yara su koyi rubuta manhaja. Manya masu sha'awa ne suka fara wawashe ta, kuma su ne suka rubuta darussa, suka kafa ƙungiyoyin koyarwa, suka kai ta azuzuwa. Da an hana su ita da sunan ta yara ce, da yaran ma ba su amfana ba.

Afirka ta Yamma tana da nata misalan. A Lome, a wani ɗakin ƙere-ƙere mai suna WoeLab, Kodjo Afate Gnikou ya haɗa firinta irin ta 3D a 2013 daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci. A Kodebuwa da Togo da Benin matasa sun riƙa harhaɗa kwamfuta a cikin jarkar roba daga sassan da aka zubar, suna kiran ta Jerry. A Kano, duk wanda ya san kasuwar waya ta Farm Centre ya san cewa yawancin masu gyaran da ke wurin a kan benci suka koyi aikin, da wayar da ta mutu da ƙarfen narka dalma. Sha'awa ce ta fara zaunar da su, sana'a ta biyo baya.

Na'urar da ta dace da ƙasar rana da ƙura

Wanda ya san yanayin Tasawa zai gane dalilin da ya sa irin wannan na'ura ta cancanci a sake kallon ta. Wuta ce matsala ta farko. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar, kuma a karkara adadin ya fi haka ƙanƙanta. Yankin Maraɗi da Damagaram ya daɗe yana dogaro da layin da ya taso daga Katsina ya sauka Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Nijeriya ta katse wutar a farkon Agusta, ba ta dawo da ita ba sai a watan Maris na 2024. Duk wanda sana'arsa ta rataya a kan kuran ya ji a jikinsa.

An ƙera XO-1 ne da tunanin irin wannan wuri. Wutar da take ci ba ta kai wat goma ba, kuma tana karɓar caji daga bolt 11 zuwa 18, ma'ana batirin mota ko ƙaramin farantin sola ya wadatar da ita. Ba ta da fanka da za ta zuƙi ƙurar hunturu, ba ta da faifai mai juyawa da zai mutu idan ta faɗi. Fuskarta, wadda Mary Lou Jepsen ta tsara, tana da hali biyu: a ɗaki tana nuna launi, idan aka kashe hasken baya kuma sai ta koma baƙi da fari kamar takarda, ana karanta ta a tsakiyar rana. Da sukudireba guda ake kwance ta, har ma an ɓoye wasu notina na ko-ta-kwana a cikin mariƙinta. Tana aiki da Linux da wata manhaja mai suna Sugar, kuma an bar ƙofa a buɗe ga duk mai son ya leƙa yadda aka rubuta manhajojin ya sauya su.

Mene ne babba zai yi da ita? A ɗauki malamin firamare a Korgom ko Kanembakashe. Yana iya zuba littattafai da darussa a memori sau ɗaya idan ya shigo gari, ya karanta su wata guda ba tare da ya sayi data ba. Manhajar Kiwix, wadda ke buɗe Wikipedia ba tare da intanet ba, tana aiki a kan ƙananan kwamfutoci irin su Raspberry Pi, kuma akwai ta Hausa da ta Faransanci. Sakatariyar ƙungiyar mata masu adashi tana iya ajiye lissafin zubi da rance a jadawali maimakon littafin da ruwa ko gara ke ci. Mai gyaran waya yana iya fara koyon Python da Pippy, ko ya yi amfani da Measure, wadda ke mayar da ramin makirfo ya zama ma'aunin sauti da ƙaramar wutar lantarki. Marubuci kuma yana samun allon madannai na gaske.

Wannan batu na ƙarshe ya ƙara nauyi tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris ɗin 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Harshen ƙasa yana buƙatar masu rubuta takardun ofis, da littattafan makaranta, da tarihin garuruwa, da haruffan ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a inda suka dace. Tasawa, wadda Heinrich Barth ya ratsa a watan Janairun 1851 ya tarar da ita cike da hada-hadar fatake, tana da tarihin sarauta da na kasuwanci da ke bakin tsofaffi. Saƙon murya a WhatsApp ba zai adana shi ba.

Gaskiya kuma sai an faɗe ta. XO-1 tsohuwa ce. Ƙwaƙwalwar aikinta megabait 256 ce, ma'ajiyarta gigabait ɗaya, abin da wayar Android mafi araha a kasuwar Maraɗi ta ninka sau da dama. Ba za ta ɗauki bidiyon YouTube yadda ake so ba, kuma shafukan intanet na yau da yawa sun fi ƙarfinta. Madannanta na roba ne, an auna su da yatsun yaro, don haka babba sai ya jona wasu ta USB. Batiran da suka rage duk sun tsufa. Saboda haka maganar ta wuce XO ita kaɗai. Ana nufin dukan danginta: tsofaffin Classmate, ƙananan kwamfutocin da makarantun Turai da Amurka suka daina amfani da su, da Raspberry Pi, wadda samfurinta na 400 da ya fito a 2020 yake cikin allon madannai, ana jona shi da talabijin ɗin gida.

Hujja daga cikin gida

Ba sai an je Uruguay ba kafin a ga abin da ƙaramar na'ura ke yi a hannun babba. A 2009 da 2010, Jenny Aker ta jami'ar Tufts da abokan bincikenta, tare da ƙungiyar Catholic Relief Services, sun gudanar da wani gwaji mai suna ABC a ƙauyuka sama da 100 na jihohin Doso da Damagaram. Azuzuwan yaƙi da jahilci ne na manya, maza da mata, da harsunan gida. A rabin ƙauyukan an ƙara abu ɗaya: an koya wa ɗaliban amfani da ƙaramar waya mai madannai, suna karɓa-karɓa a rukuni. Sakamakon da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa waɗanda suka taɓa wayar sun fi sauran maki a rubutu da lissafi, kuma bambancin bai ɓace ba watanni bayan rufe aji.

Dalilin a fili yake. Babba yana da abin da zai yi da ilimin a ranar da ya same shi: zai tambayi farashin wake a wata kasuwa, zai aika wa ɗansa da ke ci-rani saƙo, zai duba lissafin bashi. Na'urar ta ba shi wurin maimaita darasi kullum. Hausawa sun riga sun yanke hukunci cewa gemu ba ya hana ilimi, amma idan aka zo kan kwamfuta sai a riƙa yi kamar karin maganar ba ta shafe ta ba.

Abin da masu suka za su ce

Na farko zai ce waya ta wadatar. Waya ta yi wa mutanen karkara abin da babu kwamfutar da ta yi musu, daga aika kuɗi zuwa jin muryar ɗan da ke Libiya. Sai dai an tsara ta ne domin mai ita ya kalla, ya saurara, ya tura, kuma kowace rana tana neman kuɗin data. Ba a buɗe cikinta cikin sauƙi, ba a rubuta shafi talatin a kanta, kuma matashin da zai nemi aiki a ofis ko asibiti ko kamfanin aika kuɗi za a zaunar da shi ne a gaban madannai. Ƙaramar kwamfutar da ba ta iya TikTok ba, wannan rauni nata ma wata riba ce ga mai son ya koyi wani abu.

Na biyu zai maimaita tambayar ministan Nijeriya, kuma a Maraɗi tambayar tana da ciwo. A ranar 8 ga Nuwamban 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a birnin, ta kashe yara sama da 20, watanni kaɗan bayan irin ta a Yamai. Ƙasar da yaranta ke karatu a rumfar kara ba ta da hujjar kwashe kasafin ilimi ta sayi kwamfutoci, kuma duk ɗan siyasar da ya zo da irin wannan alƙawari ya kamata a tuna masa da Peru. Amma babban da ya sayi tsohuwar na'ura da kuɗin aljihunsa bai taɓa ko dala ɗaya daga kuɗin gina aji ba. Hasali ma shi ne zai hana asara ranar da gwamnati ko wata ƙungiya ta kawo na'urori, domin za a tarar da wanda ya san su a gari.

Na uku ya fi nauyi: idan aka halatta wa manya kwamfutar yara, kawu da yaya za su ƙwace ta daga hannun mai ita. Wannan tsoro yana da tushe, domin an san yadda gidan sauro da abincin yara masu tamowa ke ɓulla a kasuwa. A nan dole a ja layi. Na'urar da aka raba wa makaranta amanar ɗalibai ce, kuma wanda ya ɗauke ta ya kai gida ko ya sayar ɓarawo ne, ko da sha'awar ilimi ce ta sa shi. Masu XO ma sun hango haka, shi ya sa suka sanya mata tsarin tsaro mai suna Bitfrost da zai iya kulle wadda aka sace. Halattacciyar hanya ita ce sayen wadda aka daina amfani da ita, ko malami ya koyi ta makarantarsa a cikin makarantar, da sanin hukuma.

Na huɗu zai ce ana son mayar da Tasawa juji. Gaskiya ne cewa kwantenoni na kawo matattun kayan lantarki Afirka ta Yamma da sunan gwanjo, kuma araha ba ta ado. Maganinsa shi ne a san abin da ake saye, kuma sanin ba ya samuwa sai da mutanen da suka saba buɗe na'ura. Garin da ba shi da su shi ne ake sayar wa gawa.

Aikin da ke gaban ɗan ci-rani

Wanda ke Faransa ko Beljiyam ko Amurka yana zaune ne a inda makarantu da ofisoshi ke sauya kwamfutoci duk bayan ƴan shekaru, ana sayar da tsofaffin da arha. Wanda ke Legas yana kusa da Computer Village ta Ikeja, na Kano kuma ya san titin Beirut. Kuɗin babbar waya guda yana iya sayen irin waɗannan na'urori da dama. Kafin ya saya, ya tabbatar tana kunnuwa, ya tabbatar ba a kulle take da asusun wata makaranta ba, domin Chromebook ɗin da aka kulle haka ba ta da amfani ga kowa. Ya zaɓi mai cin wuta kaɗan, ya haɗo da caja da madannai da memori cike da littattafai. Idan da hali ya sayi biyu iri ɗaya, don ɗaya ta zama kayan gyaran ɗaya.

Sannan ya yi tunanin hannun da zai damƙa wa. Al'ada ita ce a ba ƙaramin yaro a gida, a ɗauki hoto, bayan wata biyu ta mutu a jefa ƙarƙashin gado. Ya fi kyau a nemi babban da aka san shi da ƙwaƙwa: mai gyaran rediyo, malamar makaranta, ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke zuwa hutu, ko wanda ya gama lise yana zaman jiran aiki. A ba shi da sharaɗi guda, cewa duk mako zai zauna da yaran unguwa su taɓa ta tare. A yi wa mata tanadi na musamman, domin idan aka bar abin a fada kaɗai, rabin gari ba zai gan shi ba.

Magadan gari da shugabannin makarantu su ma suna da rawar da ba ta buƙatar kasafi mai yawa. Ɗaki ɗaya mai ƙofa da makulli, da farantin sola, da izinin a buɗe shi da yamma ga manya, ya isa a fara. Fadojin matasa sun riga sun iya tara kuɗin shayi da sukari, sun iya shirya gasar ƙwallo da aikin gayya na share magudanan ruwa kafin damina. Fadar da ta ware dare ɗaya a mako don kwance tsohuwar kwamfuta ba ta bar al'adarta ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma babu mai jayayya cewa yara ne abin nufi. Sai dai icce ba ya tanƙwara kansa. Yaran Galadima na 2007 yanzu magidanta ne da matan aure, kuma na'urorin da aka ba su sun daɗe da zama tarihi, domin shirin da ya kawo su ya tafi bai bar masu riƙe su ba. Yaran da ke aji uku yau a Tasawa da Mayahi za su gamu da nasu rabon na'urorin ko ba daɗe ko ba jima, daga gwamnati ko daga wata ƙungiya. Abin da zai yanke ko za su amfana shi ne ko a unguwarsu akwai wani mai gemu, ko wata uwar ƴaƴa, da ta riga ta san inda notin yake.